Karen tsintuwa: abin da za ka yi kafin ya shiga garke

Ƴan uwa makiyaya da manoma masu kiwo, darasinmu na wannan karo a kan kare yake. Ba karen da aka haifa a gidanka ba, wanda ka san uwarsa, ka san abin da yake ci. Muna maganar karen da ya zo daga waje: wanda yaro ya tsinto a bakin kasuwa, wanda ya biyo garke daga rijiya, wanda masu tashi suka bari a tsohon mashekari, ko ɗan kwikwiyon da wani ya ba ka kyauta a hanya.

Ɗaukar irin wannan kare ba laifi ba ne. Tausayin dabba lada ne, kuma malamai sun yarda a riƙe kare don kiwo, da gadin gona, da farauta. Kare nagari yana korar dila daga ƴan tumaki, yana tashe ka in kura ko ɓarawo ya matso da dare. Amma karen da ba ka san bayansa ba, ba ka san abin da ya ɗauko a jikinsa ba. Wasu cututtukan nasa ne shi kaɗai, wasu suna kama bisashe, wasu kuma suna kashe mutum. Don haka ƙa'idar guda ce: a ware shi, a dube shi, a yi masa magani da lamba, sannan ya shiga cikin iyali da garke.

1. Ranar farko: duba shi daga nesa

Kada ka fara da hannu, fara da ido. Tsaya taku kamar biyar, ka ajiye masa ruwa, ka lura. Yana tafiya daidai ko yana tangaɗi? Bakinsa a rufe yake ko a sake, miyau na zuba? Yana iya haɗiye ruwan? Yana cizon itace, da ƙasa, da duk abin da ya gani? Muryarsa ta dushe?

In ka ga ko guda daga cikin waɗannan, wannan ba karen ɗauka ba ne. Kori yara, nisanta bisashe, aika a gaya wa ma'aikatar kiwo ko mataimakin likitan bisashe na garinku.

Haka kuma in ka ga sabon raunin cizo a jikinsa, a wuya ko a fuska ko a ƙafa, alhali ba wanda ya san abin da ya cije shi. Mai yiwuwa faɗan karnuka ne kawai. Mai yiwuwa kuma mahaukacin kare ne ko dila. Ba kai za ka yanke wannan hukunci ba, bar wa likitan bisashe.

In ba ka ga komi ba, to, sa masa igiya a hankali, ka ɗaure shi a inuwa, nesa da turken tumaki, nesa da madafi da randar ruwa, nesa da inda yara ke wasa. A ba shi ƙwaryarsa ko kwanonsa, kada wani ya ƙara amfani da shi. Babba guda ɗaya ne zai riƙa ba shi abinci, ya wanke hannu da sabuni duk lokacin da ya gama. Zai zauna nan kwana 15.

2. Haukan kare

Wannan ita ce babbar damuwa, shi ya sa muka fara da ita. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare suke samunsa, kuma cikin mutum 10 da aka ciza, wajen 4 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun fito, ga mutum ko ga dabba, babu magani, sai mutuwa.

Ƙwayar cutar tana cikin miyau. Tana shiga ta cizo, ta yagar farce, ko kare ya lashi miki. Daga nan sai ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. A jikin kare wannan tafiya takan ɗauki mako 2 zuwa wata 3, wani lokaci har wata 6. Duk tsawon wannan lokaci kare lafiya lau kake ganinsa, yana ci, yana kaɗa wutsiya.

To, mene ne amfanin kwana 15? Kare ba ya sa wa wani cutar sai ta sauko cikin miyau, kuma in ta sauko, kwanakinsa sun ƙare: cikin kwana 10 alamu za su bayyana ko ya mutu. An ƙara kwana 5 don a tabbata. Kenan in kwana 15 suka cika yana nan garau, wanda ya lasa ko ya yaga a ranar farko ya tsira. Amma ka riƙe wannan da kyau: kwana 15 ba su nuna cewa babu cutar kwance a jikinsa ba. Sai ka ci gaba da sa masa ido har wata 6. Duk ranar da halinsa ya sake babu dalili, mai fara'a ya koma ɓuya, ko mai tsoro ya koma faɗa, a mayar da shi igiya, a kira likita.

Mutane da yawa sun ɗauka mahaukacin kare sai wanda ke gudu yana cizo. Akwai iri na biyu, mai shiru. Shi wannan ba ya faɗa. Muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, harshe a waje, miyau na zuba, kamar ƙashi ya laƙe masa a maƙogwaro. Nan ne mai tausayi yake sa hannu don ya ciro ƙashin. Kada ka yi! Haka saniya, ko jaki, ko raƙumi da kare ya ciza: sai kuka ba dalili, da dalala, da yunƙuri kamar mai son kashi. Kada a sa hannu a bakinta, kada a yanka ta a kai kasuwa.

In kare ya ciji mutum, ga abin yi, bi da bi:

– A wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabuni, minti 15 cur. Minti 15 da tsawo, amma wankin nan shi kaɗai yana rage hatsari ƙwarai.
– Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙasa, ko gashin karen. Kada a ɗaure raunin tam.
– A tafi likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Allurar ba guda ba ce: akwai ta ranar farko, da ta kwana 3, da ta kwana 7, in da saura likita zai faɗa. A cika su duka. Kada a jira a ga abin da zai samu karen kafin a fara.
– A tsare karen in ana iya yi ba tare da wani ya ƙara shan cizo ba. In dole sai an kashe shi, kada a fasa kansa, domin ƙwaƙwalwar ake bincikawa. Ma'aikatar kiwo ita ke ɗaukar kan ta aika babban ɗakin binciken kiwo na Yamai, wato LABOCEL. Kada kowa ya feɗe shi da hannunsa.

Rigakafin ba sabon abu ba ne. Tun 1885 Luwi Pastar ya fara yi wa mutum wannan allura a Faransa, wani yaro ɗan shekara 9, kuma ya rayu. Ranar rasuwar Pastar, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da haukan kare ta duniya tun 2007. Amma hanya mafi arha ita ce a yi wa karen kansa lamba. Ana yi daga wata 3 da haihuwa, a sake kowace shekara, a ba ka karne ka adana tare da takardun bisashenka. Masana sun nuna in aka yi wa kare 7 cikin 10 na gari lamba, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Sai dai lamba ba ta warkar da wanda cutar ta riga ta kama, kuma maganin da ya kwana a rana ya mutu. A karɓe shi daga hannun ma'aikaci mai akwatin sanyi.

3. Yunwa da ƙishirwa

Galibin karen tsintuwa a rame yake zuwa. Amma a bambanta. A arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden, akwai karen Azawak na Buzaye, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki. Shi haƙarƙarinsa a fili yake ko da ya ƙoshi, halittarsa ce. Ramar yunwa kuwa ana gane ta ga naman cinya da ya zube, da gashi da ya bushe, da rashin kuzari.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cika masa ƙwarya ranar farko. Cikin da ya daɗe babu komi ba ya ɗaukar wannan: sai amai, sai zawo, wani har ya mutu. Kwana 3 na farko a ba shi kashi ɗaya cikin uku na abin da kare irinsa ke ci, a raba sau 4 a yini. A riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, zuwa mako guda ya kai cikakken rabo. Tuwo mai laushi da ɗan nono mai tsami da ɗan dafaffen nama sun isa. Madara ɗanya mai yawa tana sa shi zawo. Kada a ba shi miya mai albasa da yawa, albasa tana ɓata jinin kare. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza ko na zabo, yana tsagewa ya huda hanji.

Ruwa kuwa kada ya yanke. Bayan ya saba da kai, kama fatar bayan wuyansa ka ja ka saki. In ta koma nan da nan, da ruwa a jikinsa. In ta tsaya a tattare, ya bushe. Haɗa masa irin ruwan da ake yi wa yaro mai zawo: litar guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ba shi kaɗan kaɗan.

4. Tsutsar ciki: nan ne garke yake shiga

Ka ɗauka duk karen da ya yi yawon juji da mahauta yana da tsutsa, ko ka gan ta ko ba ka gan ta ba.

Ƴan kwikwiyo sukan zo da doguwar tsutsa fara, wadda suke samu tun daga cikin uwa da nononta. Alamarta ƙaton ciki a kan siraran ƙafafu. Ƙwanta yana zama a ƙasa, yaro mai rarrafe ya kai baki. Akwai kuma ƙanana masu shan jini a hanji: ɗaga leɓen kare, in dasashi ya yi fari maimakon ja-ja, kashinsa kuma baƙi, jini ne yake tafiya.

Amma wadda ta fi shafar aljihun makiyayi ita ce tsila, iri biyu.

Ta farko, ku tuna tunkiyar nan da ke karkata kai, tana juyi wuri guda, tana rabuwa da garke, daga baya ta makance ta faɗi. In aka yanka aka fasa kai, sai a tarar da jakar ruwa a ƙwaƙwalwa mai fararen ɗigo-ɗigo. Wannan jaka ɗiyan tsilar kare ce. Kare ya ci kan tunkiya ɗanye, tsila ta girma a hanjinsa, ya yi kashi a makiyaya, tunkiya ta ci ciyawa da ƙwan, ƙwan ya haura ƙwaƙwalwa. Ita ba ta da maganin da za ka saya a kasuwa.

Ta biyu ƙarama ce, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ba za ka gan ta a kashi ba, kuma kare ba ya nuna ciwo. Ita ce ke sa ƙululun ruwa a hanta da huhun tumaki, da awaki, da shanu, da raƙuma. Mahauci ya ga ƙululu, ya yanke, ya jefa wa kare. Ka gani? Da hannunmu muke shuka ta. Kuma wannan tana kama mutum: ƙwan yana maƙalewa a gashin kare, yaro ya shafa, ya ci abinci bai wanke hannu ba. Ƙululun yana girma a hantarsa ko huhunsa shekara da shekaru, sau da yawa sai an yi masa aiki a asibiti.

Maganin tsila a jikin kare shi ne farazikantel, wanda ake rubutawa praziquantel a jikin kwali. Ƙwaya mai miligiram 50 ta kare mai kilo 10 ce. Kada a yi awo da ido: sa shi cikin buhu, rataya a sikelin masu hatsi. Tsutsar kwikwiyo da masu shan jini kuwa nasu maganin daban, akwai ƙwayar da ta haɗa duka, likitan bisashe zai nuna maka. Maganin yana fitar da tsutsa amma ba ya kashe ƙwai, don haka a bar kare ɗaure kwana 2 bayan ya sha, a kwashe kashin da shebur, a ƙona ko a binne da zurfi. A maimaita aƙalla sau 4 a shekara. Inda juyin tumaki ya yi yawa, duk mako 6.

Magani banza ne in ba a toshe hanyar ba. Kan tunkiya mai juyi, da hanta ko huhu mai ƙululu, a ƙona su ko a binne inda kare ba zai tono ba. Abin da za a ba kare na kayan ciki, a dafa shi sosai. A kula musamman ranar Layya, da ranar suna, da ranar kasuwa. Haka mahaifa da ɓarin saniya ko akuya: a binne. Kare da ya ja su yana yawo da su, cutar ɓari yake rarrabawa.

5. Fata: kaska, ƙuma da ƙazuwa

Duba cikin kunne, da tsakanin yatsu, da wuya. Kaskar kare tana sa ciwon jini: zazzaɓi, kasala, farin dasashi, wani lokaci haɓo ko fitsari ja. Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. In ya wuce 39 da rabi ga waɗannan alamu, sai likita.

Ƙazuwa tana farawa a gefen kunne da gwiwar ƙafa, da susa ba dare ba rana, gashi na zuba. Tana iya sa wa mutum ƙaiƙayi shi ma. Da damana kuma ƴan kwikwiyo masu kwana a rairayi sukan fito da marurai masu ƙaramin rami a tsaka, da tsutsar ƙuda a ciki. Shafa man baselin ya toshe ramin, ta leƙo, a matse ta fito, a wanke.

A nan ne ake kashe karnuka da yawa da sunan magani. Ku ji da kyau:

– Maganin feshin wake ko na auduga ba na jikin dabba ba ne. Baƙin man mota ma haka.
– Allurar ibamektin ta shanu tana maganin ƙazuwa, amma rabon kare mai kilo 10 bai kai rabin mililita ba. In aka zarce, sai rawar jiki, da makanta, da suma. Ba a yi wa ɗan kwikwiyo ƙarami.
– Garin maganin sammore da ake yi wa shanu da shi, in ya yi wa kare yawa kaɗan ko aka maimaita, yana taɓa ƙwaƙwalwa ya kashe shi.
– Ƙwayoyin ciwon jiki na mutane da ake saya a tebur, irin su ibuprofen da diclofenac, suna huda cikin kare, suna lalata ƙoda.

6. Cututtuka biyu na karnuka kawai

Waɗannan ba sa kama mutum ko tumaki, amma suna iya share karnukan zango. Ta farko zawon jini ne mai wari ƙwarai, da amai, ga ƴan ƙasa da shekara guda. Faransawa suna kiranta parbobiroz. Bushewa ce ke kashewa, cikin kwana 2 ko 3. Ƙwayarta tana daɗewa watanni a ƙasa, sabuni ba ya kashe ta, sai ruwan jabel, awo 1 cikin awo 30 na ruwa. Ta biyu, ciwon Kare da sunan likitan da ya gano ta, tana zuwa da kwantsa mai ruwan ɗorawa a ido da hanci, da tari, daga baya fizgar jiki. Tun da fizgar tana kama da hauka, a ɗauke ta a matsayin hauka har likita ya gani. Dukansu biyu suna da lamba, ana fara ta daga mako 6 zuwa 8.

Kalma guda ga masu zuwa gabas. An tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu a 2013, amma a Cadi an gano shi a jikin karnuka tun 2012, musamman a bakin kogin Shari inda suke cin kayan cikin kifi. In kare ya fito can, ka ga farin zare na fita daga ƙafarsa, ɗaure shi, kada ya kusanci tabki ko rijiya, ka sanar da likita a ranar.

7. Ranar kwance igiya

In kwana 15 suka cika, yana ci, kashinsa daidai, ya sha maganin tsutsa, an cire kaska, an yi masa lamba, to, sai a gabatar da shi ga garke. A fara da igiya a hannu, safe da marece, kwana kaɗan, a ga yadda yake kallon ƴan raguna da kaji. Karen da ya sha duka a baya yakan yi cizo don tsoro, saboda haka a hana yara taɓa shi yana ci ko yana barci. Kuma a ciyar da shi kullum. Karen da ba a ba abinci zai koma juji da mushe, ya kwaso duk abin da ka kashe kuɗi ka fitar.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. Kare nawa ne a zangonku ko unguwarku, kuma nawa ke da karnen lamba na bana?
2. Ina ake jefa hanta da huhun da suka lalace ranar kasuwa? Wa zai yi magana da sarkin fawa a haƙa rami?
3. Tunkiya nawa kuka rasa bara saboda juyi? Ku gwada kuɗinsu da kuɗin ƙwayar tsila ta shekara guda.
4. In kare ya ciji yaro yau da dare, wace likita za ku nufa, kuma da wace mota ko amalanke?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In shugabannin ƙungiya suka tara karnukan gari rana guda, ma'aikacin kiwo zai zo ya yi musu lamba gaba ɗaya, wahala da kuɗin tafiya su ragu. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya albarkaci garke.